Bello Huɗu da Jar Darar Sarkin Baƙi

Mutumin da ya fara aika wa goge tuwo a ƙasar Katar shi ne Malam Ɗalhatu Kurfi, direban bas, kuma ya yi hakan ne cikin watan Fabrairu na shekarar 2021, kwana bakwai a jere ba fashi. Akwai mutanen Al Rayyan da ke cewa wani Bazazzagi ya riga shi, amma da aka bincika sai aka tarar kalangu ne nasa, kuma shayi kawai ya zuba masa, shi ma bisa tuntuɓe. Saboda haka fifiko na Malam Ɗalhatu ne, kuma ya dace a faɗi yadda abin ya kasance tun daga tushe.

Tun shekarar 2011, lokacin da Hausawan Doha suka ga sun kai yawan da za su yi ƙungiya, suka naɗa shi Sarkin Baƙi, suka ɗora masa jar dara wadda aka aiko takanas daga Katsina. Ka'idar sarautar guda ɗaya ce: duk ɗan gida da ya sauka garin, ba zai kwana uku bai ci tuwon Sarkin Baƙi ba. Shekara goma Malam Ɗalhatu yana riƙe da wannan amana, kuma yana iya lissafa baƙinsa da sunayensu da garuruwansu da irin miyar da kowa ya sha. Sai ga korona. Aka rufe ƙofofi, aka yi wata goma sha ɗaya ba wanda ya sauko. Darar na rataye a ƙusa a ɗakinsa da ke unguwar Ain Khaled, yana kakkaɓe ta kowace Juma'a ya mayar.

A wannan tsakanin ne Zulkiflu, wani Bahaɗeje mai gadin kanti a Al Rayyan, wanda shi ke kula da zauren ƙungiya na waya, ya fara cewa Sarkin Baƙi babu baƙi daidai yake da Sarkin Ruwa a tsakiyar rani. Ya kawo shawarar a haɗe sarautar da aikin mai kula da zaure, a bai wa mutum ɗaya, wanda bai faɗi sunansa ba saboda kunya. Da yake akwai wasa tsakanin Katsinawa da Haɗejawa, yana faɗin wannan cikin raha, ana dariya. Amma Malam Ɗalhatu ya lura cewa mutum uku sun daina dariyar, sun koma gyaɗa kai.

Ranar wata Alhamis kamfanin da yake yi wa tuƙi ya ba shi takarda. Wasu makaɗa ne za su iso daga ƙasar Uruguay, su yi wasa a wani zaure babu 'yan kallo, a naɗi kiɗan a faifai. Za a killace su kwana bakwai a otal kamar yadda doka ta ce a lokacin, in sun fito shi zai riƙa ɗaukarsu. Fasinja takwas ne. Huɗu na sama sunayensu masu karya harshe. Huɗu na ƙasa kuwa suna ɗaya ne aka jera sau huɗu, kowanne da lambar kujerarsa: CELLO, MR.

A nan wajibi ne a tsaya a yi bayani. Cello wani babban goge ne na Turawa mai tsirkiya huɗu, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, mai goga shi sai ya zauna ya jingina shi tsakanin gwiwoyinsa. Saboda tsada da rashin juriyarsa, masu shi ba sa yarda a jefa shi cikin kaya, sai su saya masa kujera a jirgi kamar kowa. Kujera kuwa ba ta tafiya babu suna, shi ya sa ake rubuta masa. Malam Ɗalhatu bai san wannan ba, kuma babu zargi a kansa, don ba a taɓa kawo masa irinsa ba.

Ya karanta kalmar daidai, kamar yadda duk Bahaushe zai karanta harafin c, abin da Larabawan ofis da Indiyawansa suka kasa. Sannan ya zauna ya yi nazari. Ba a taɓa jin an raɗa wa ɗan mutum Cello ba. Ya tuna 2013, lokacin da aka rubuta wa Gambo na Gumel Jumbo, aka yi ta cigiyarsa a filin jirgi yana zaune a gabansu. Ya tuna 2016 da abin da aka yi wa sunan Ɗahiru. Ya leƙa injin akawun ofis, ya ga harafi ɗaya ne tak tsakanin C da B. Daga nan magana ta ƙare. Bello ne, su huɗu, 'yan gida ɗaya.

Ya sanya dararsa kafin ya naɗi saƙon murya, ko da yake ba mai ganinsa. Ya sanar da zaure cewa Allah ya kawo ƙarshen fari, Fulani huɗu na tafe, kuma ranar Juma'ar da za su fito za a yi musu walima a tsakar gidansa. Doka ta ba da damar mutum goma sha biyar a fili, don haka 'yan gida goma sha ɗaya, baƙi huɗu.

Zulkiflu ya nemi hoton takardar, ya duba, ya tambayi abin da ya kai Fulani Uruguay, da dalilin da ya sa ba lambar fasfo a gefen sunayensu. Malam Ɗalhatu ya amsa cewa ƙasar shanu ce, ya bincika, shanunta sun fi mutanenta yawa, kuma duk inda saniya ta je ba a tambayar yadda Bafulatani ya je. Game da fasfo kuwa, manya ba a baza lambobinsu.

"Baba, in fa ba Bello ba ne?"

"In ban shigo da Bello huɗu gidan nan ranar Juma'a ba, sun gaisa da jama'a, na cire darar nan da hannuna na ɗora maka."

Mutum talatin da biyu suka saurari wannan saƙo. Ba a goge shi ba.

Aka yi dace, mai gadin otal ɗin da aka killace baƙin ɗan ƙungiya ne, Osman, mutumin Zangon Kumasi a ƙasar Ghana. Mai dafa tuwon Sarkin Baƙi kuma tun farkon sarauta ita ce Inna Ajaratu ta unguwar Bin Mahmud, dattijuwa wadda babu wanda ya taɓa ja da hukuncinta ya sake samun nama a miya. Kullum da hantsi Malam Ɗalhatu zai biya ta wurinta, ya ɗauki kula huɗu na tuwon shinkafa da miyar kuka, da gorar fura wadda aka dama da madarar kanti tunda ba nono, ya kai bakin otal ya miƙa wa Osman daga nesa.

Tun ranar farko Osman ya ga abin da aka shigo da shi cikin akwatuna huɗu. Ya kuma buɗe kula ya shaƙi daddawa, wadda rabonsa da ita shekara guda. Ya auna abubuwan nan biyu, ya yanke shawarar ba zai yi ƙarya ba, amma kuma ba zai yi gaggawar faɗin gaskiya ba. Kula biyu yakan ajiye a ƙofar makaɗan, biyu su tsaya a ɗakin gadi. Ya shaida wa shugabarsu, wata mace mai furfura da ake kira Graciela, cewa al'adar mutanensa ce in kayan kiɗa suka zo baƙunta a gaishe su a ciyar da su. Matar ta ce ta zaga ƙasashe ashirin da shida ba ta taɓa jin al'ada mai kyan wannan ba, har ta yi ƙwalla.

Duk tambayar da Malam Ɗalhatu ya yi, Osman ya amsa ta da gaskiya. Ya ce baƙin dogayen wuya ne, masu siririn ƙugu, jajaye. Malam Ɗalhatu ya ce ai ya faɗa. Osman ya ce ba su da yawan magana sai an taɓa su. Malam Ɗalhatu ya ce fulako ke nan, kunyar Fulani. Osman ya ce babbansu ya haura shekara ɗari da ashirin, ba ya son zafi, ba ya son sanyi, kuma Madam ne yake goya shi in za a hau bene, don Hausar Osman ta Zango ba ta raba mace da namiji. Malam Ɗalhatu ya ce lalle babban malami ne Turawan suka ɗauko don neman albarka, kuma a gaya wa Inna Ajaratu ta ƙara sassauta tuwon.

Kwana biyu da saukarsu ya ce ba zai yiwu a ciyar da dattijo ba a gaishe shi ba. Ya naɗi gaisuwa ta minti huɗu, tun daga kwana da gajiya da hanya har iyali da shanu da ruwan Uruguay, ya tura wa Osman ya miƙa. Osman ya tura wa Graciela, ya bi ta da nasa saƙon yana rera mata amsoshin, ya ce gogen ne ya kamata ya amsa. Ita kuwa mace ce mai kunne, ga zaman ɗaki ya ishe ta. Ta gane cewa maganar mutanen nan hawa da sauka ce kamar waƙa: lafiya lau, biyu sama, ɗaya ƙasa, ɗaya sama. Ta ɗaura wa gogen ɗan robar da ake danne sautinsa da shi don kada a dami maƙwabta, ta ja izga a kan tsirkiya mafi kauri, ta naɗa.

Malam Ɗalhatu ya saurari amsar a cikin bas, ya sake saurare. Murya ce mai zurfi, dasasshiya, wadda ba a jin haruffanta sai hawa da saukarta, amma babu shakka cewa take lafiya lau, ba gajiya, sai alheri. Ya tambayi Osman dalilin dashewar. Osman ya ce an sa masa takunkumi. Wannan ma gaskiya ne.

Ya tura muryar zaure ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya ba. Mutum ukun nan masu gyaɗa kai suka dawo dariya. Daga ranar, kowace safiya gaisuwa na tafiya amsa na dawowa, har sauran Bello ukun suka fara sa baki, ƙaraminsu da 'yar siririyar murya irin ta mai jin kunyar manya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Ɗalhatu ya tsaya a bakin otal da babbar riga da jar dara da takunkumi sabo. Ya shirya sauke Turawan a masaukinsu ya wuce da baƙinsa. Ƙofa ta buɗe, mata biyu da maza biyu suka fito, kowanne goye da dogon akwati mai wuya. Ya leƙa bayansu. Ba kowa sai Osman, wanda ya tsaya yana nazarin silin.

Graciela ta nufo shi da murna, ta ce da Turanci ta gane muryarsa tun daga sallama. Ta sauke akwatinta, ta buɗe, ta ce ga abokinsa. Malam Ɗalhatu ya dubi dogon wuya, ya dubi siririn ƙugu, ya dubi jan katako mai sheƙi. Ya ga ɗan baƙin roba a kan jakin gogen, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa. Ya daɗe yana kallon robar.

"Osman."

"Na'am, Mallam."

"Wannan ne na ce a sassauta wa tuwo?"

"Shi ne, Mallam. Kuma wallahi tuwon ya yi laushi."

Malam Ɗalhatu ya tambaye shi abin da ya yi masa a duniya. Osman ya ce shi bai yi don Mallam ba, ya yi ne don Uruguay, saboda abin da suka yi wa Ghana a kofin duniya na 2010, lokacin da ɗan wasansu ya tare ƙwallo da hannu, wanda har yau ba a biya ba, kuma kula goma sha huɗu ko rabin hakkin ba su kai ba. Malam Ɗalhatu ya ce ya shiga mota, a gaban jama'a zai maimaita wannan.

Makaɗan sun riga sun ji labarin walima daga Osman, kuma sun yi ado dominta. Suka zaunar da gogunan a kujeru, suka ɗaura wa kowanne bel. Malam Ɗalhatu ya tayar da bas. A madubi yana hango kawuna takwas, huɗu na hira, huɗu na zaune tsaf da natsuwar da ya yi kwana bakwai yana yabo. Da suka hau titin Salwa ya tuna cewa in bai karya kwana ba titin nan zai kai shi har iyakar Saudiyya, kuma akwai mai a tanki. Ya yi tunanin ce wa jama'a baƙin sun kamu da korona, an ƙara musu kwana. Ya yi tunanin dara a kan Zulkiflu, wanda kansa ƙarami ne, sai ta rufe masa kunne. Sannan ya binciki tarihin sarautar tun daga 2011, bai sami inda Sarkin Baƙi ya ɗauko baƙo ya kasa kai shi gida ba. Ya karya kwana ya shiga Ain Khaled. Bai roƙi Graciela komai ba, don bai ga yadda dattijo zai roƙi a taya shi rufa asiri da Turanci ba.

An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida da tazara tsakaninsu, an ware darduma huɗu a inuwa, ta babban Bello har da matashi. Inna Ajaratu na zaune bayan tukwanenta. Da aka ji tsayuwar mota kowa ya miƙe. Makaɗan suka shigo, suka ga darduma huɗu, suka fahimci na wane ne, suka kwantar da akwatunan a kai cikin ladabi, suka buɗe.

Zulkiflu ne ya fara da tari, tarin ya zama dariya, dariyar ta zaunar da shi. Mutum ukunsa suka taya shi. Da ya samu numfashi ya ce shi dai ya san Katsinawa da karamci, amma bai san ya kai ga katako ba, ya tambaya ko gobe za a kai wa ƙofar gareji fura. Sannan ya goge idonsa, ya kunna saƙon rantsuwar a wayarsa kowa ya ji, ya miƙa hannu.

Malam Ɗalhatu bai cire dara ba. Ya ce kafin a yi hukunci a fara tantance mene ne baƙo. Ya kawo misalin 2014, lokacin da aka karɓi wani Babarbare da ba ya jin Hausa, aka ce kujerarsa a jirgi ta isa shaida. Waɗannan suna da kujera. Ya kawo misalin Gambo, wanda aka ɓata sunansa a takarda bai fasa zama Gambo ba. Waɗannan suna da suna a takarda. Zulkiflu ya ce ya yarda da duka, amma rantsuwa ta ce sun gaisa da jama'a.

"To ga su nan, Baba. Gaishe su mana. In suka amsa, ni zan wanke tukwane."

Malam Ɗalhatu ya ga babu sauran misali a tarihi. Ya tattara rigarsa, ya je gaban dardumar mai matashi, ya durƙusa kamar yadda ake durƙusa wa wanda ya haura ɗari. A ransa yana ban kwana da dara, amma ya ƙudura cewa in za ta tafi, gaisuwar ƙarshe za ta cika ka'ida.

"Malam Bello, barka da sauka. Ina gajiya?"

Graciela ba ta san ana shari'a ba. Abin da ta gani shi ne dattijon nan mai kirki ya zo yin al'adarsu ido da ido. Ta jawo wata kula ta zauna a kai, ta tayar da gogen, ta cire masa robar, ta shafa wa izga ƙaro. Muryar da ta fito ba dasasshiya ba ce yanzu, ta cika tsakar gida har murfin tukunya ya yi rawa. Ba gajiya.

"Ina iyali?"

Lafiya lau.

"Ina labari?"

Sai alheri. A nan sauran ukun suka shigo tare, ƙarami a sama, suka ja alherin har ya yi tsawo.

Wani dattijo daga Sakkwato da ke gefe ya amsa da madalla kafin ya ankara. Zulkiflu ya ce wannan hadda ce, aku ma yana yi. Ya matso ya tsaya ƙiƙam a kan babban Bello, ko rusunawa bai yi ba, ya ce in da gaske ne ya faɗi sunan garinsu da sunan ubansa. Graciela ta saurara, ba ta taɓa jin wannan hawa da saukar ba. Sai ta ba da amsar da Osman ya ce tana shiga ko'ina. Lafiya lau.

Zulkiflu ya juya yana nuna wa jama'a da hannu biyu. Sai Inna Ajaratu ta ajiye ludayi.

"Kai Zulkiflu, a ina ka taɓa jin Bafulatani ya faɗi sunan ubansa a gaban mutane? Ka tsaya a kan dattijo kana masa tambayar 'yan sanda, ya ce maka lafiya lau. Ai ya yi maka mutunci. Ni da kara zan bi ka."

Ta ce ta shekara goma tana dafa wa baƙi, ta ga waɗanda suka ci ba su gode ba, ta ga wanda ya tafi da cokali. Waɗannan an gaishe su sun amsa, ba su yi ƙorafin gishiri ba, kuma su baƙi ne. Dara ta zauna inda take. Ba wanda ya ja, don an riga an buɗe tukunyar nama.

Sannan ta ɗaga ludayi ta ƙirga kawuna. 'Yan gida goma sha ɗaya har da Sarkin Baƙi da Osman, Turawa huɗu, Bello huɗu, goma sha tara ke nan, doka kuwa goma sha biyar ta ce. Tunda an tabbatar Bello mutane ne, dole huɗu su fita, kuma ba a korar baƙo. Zulkiflu ya ce ai katako ba ya ɗaukar korona. Aka tuna masa cewa an rufe wannan babin. Shi da mutum ukunsa suka ci nasu tuwon a bakin ƙofa ta waje, kan dakalin maƙwabci, ana miƙa musu miya ta saman katanga. Osman ya maimaita bayaninsa na 2010 a gaban jama'a, aka yanke masa ɗauraye tukwanen da Zulkiflu zai wanke.

Bayan an ci, makaɗan suka yi kiɗa uku daga cikin nasu, suka ba Malam Ɗalhatu faifansu shida, duk abin da suka taɓa naɗa cikin shekara goma sha tara suna yawon duniya. Makonni biyun da ya yi yana kai su zauren wasa yana dawo da su, da watannin da suka biyo baya, ya saurare su ɗaya bayan ɗaya a bas, ya kuma yanke wa kowanne hukunci. Na farko da na biyu tsofaffin kiɗan Turawa ne na coci da fada, ya ce Bello yana wa'azi, a saurara ko ba a gane ba. Na uku kiɗan rawar ƙasarsu ne, ya ce bai dace da mai shekarunsa ba, amma shi ya fi sawa. Na huɗu ya ce makoki ne, ba ya kunna shi sai a cunkoson hanya. Na biyar na zamani ne, wanda a cikinsa ake ƙwanƙwasa gogen ana karce shi, sau biyu yana tsayawa ya duba taya. Na shida bai ce komai a kansa ba, sai dai an lura in ya zo wani wuri a tsakiya yakan rage gudu.

Cikin Nuwamba na 2022, gari ya cika da 'yan kallon gasar cin kofin duniya, kamfani ya sake ba shi takarda. Makaɗan ne za su dawo, wannan karon su yi wasa a gaban jama'a. Sunaye huɗu masu karya harshe a sama. A ƙasa, da yake Graciela ce ta sayi kujerun da kanta, an jera sau huɗu: BELLO, MR.

Ya ɗauki hoton takardar ya tura zaure. Ya sanya dara, ya naɗi saƙo mafi gajarta a tarihin sarautarsa.

"Zulkiflu, ɗana, an gyara kuskuren."

Sun zo masa da faifai na bakwai. Kiɗan farko a cikinsa minti tara ne, an gina shi kan gaisuwar nan ta kwana biyu da sauka, muryarsa na tambayar gajiya da iyali da shanu da ruwan Uruguay, Bello huɗu na amsawa, suna karɓe wa juna, har amsar ta zama abin da ya fi tambayar girma. Ya saurara a tsaye. Ya ce an yi ƙoƙari, sai dai an yanke inda ya tambayi lafiyar maƙwabta, wanda bai kamata ba. Ranar biyu ga Disamba Uruguay ta ci Ghana biyu ba ko ɗaya, kuma duk da cewa Osman ya shafe wata takwas yana tuna wa 'yan Nijeriya cewa Ghana ce ta hana su zuwa gasar, Malam Ɗalhatu bai rama ba, sai aika masa da ya yi da kula ɗaya ta tuwo mai laushi.

Abin da aka samu a wannan al'amari shi ne faifai bakwai, waɗanda shida ke cikin bas, na bakwai na ɗaki ba a ba da aronsa. An sami baƙi huɗu da aka shigar cikin jerin Sarkin Baƙi, aka rubuta garinsu Uruguay, miyarsu kuka. An sami ka'ida sabuwa cewa baƙo shi ne wanda aka gaisar ya amsa, wadda aka riga aka kafa hujja da ita sau biyu. An yi asarar kula ɗaya da ba ta dawo daga ɗakin gadi ba, da murfin gorar fura. Zulkiflu ya riƙe zaurensa na waya. Jar dara kuwa tana nan Ain Khaled a ƙusarta, kuma ranar Juma'a kan da aka sayo ta dominsa ne ke sa ta.